Babanmu na ganin mutanen da babu su

'Yar Gwale:
Salam jama'a don Allah a taimaka. Babanmu shekararsa 74, da safe garau yake, da yamma sai ya rikice yana cewa ga yara nan zaune kan tabarmarsa alhali ba kowa, ga hannu na rawa tafiya ta yi nauyi, cikin barci ma duka yake kaiwa. Gwaggo ta dage aljanu ne.

Ɗan Fagge:
Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa wannan ya yi kama da ciwon mantuwa irin na Lewy body, a ƙwaƙwalwa yake kuma a hankali yake ƙaruwa. A yi addu'a amma ku kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Likita kan ba da donepezil ko rivastigmine, ba sa warkarwa sai dai su rage rikicewar da gane-ganen. Don girman Allah kar ku sayo haloperidol a kemis wai ya samu barci, masu wannan ciwon yana iya sandarar musu da jiki, hatsari ne sosai.

Maman Biyu:
Kakata ma donepezil take sha, farkon farawa ta yi tashin zuciya da gudawa, daga baya ya lafa. Ku daina musu da shi kan yaran nan, ku kunna fitila tun kafin magariba.

'Yar Gwale:
Na gode, Litinin za mu je insha Allah.