Siginar GEM ɗina tana raguwa, ina ilektron suke zurarewa?

Ɗan Auta, Jidda: Salamu alaikum manyan zaure. Na haɗa ƙaramar na'urar GEM (na'urar gano haske irin na X-ray, wadda ke ninka ilektron a cikin ƙananan ramukan faifanta) mai faifai uku, gas ɗin agon kashi 70, CO2 kashi 30, ina gwada ta da Fe-55, wani nau'in ƙarfe mai fitar da hasken X-ray. Ranar farko tudun 5.9 keV (tsinin da hasken Fe-55 ke yi a jadawalin sigina; eV ma'aunin ƙarfi ne, keV kuma eV dubu) ya fito ras, har ɗan ƙaramin tudun nan da gas ɗin agon ke bayarwa wajen 3 keV ana ganinsa. Yau kwana biyar, tudun ya ja baya kuma ya baje. In ƙara wuta ne?

Yaya Babba, Zahran: Wa alaikumus salam. Kul, ƙanena, ɗauke hannunka daga wutar nan tukuna. Bututun gas ɗinka na mene ne?

Ɗan Auta: Na roba ne, Yaya, wajen mita shida daga tukunya.

Yaya Babba: Roba, a Jidda, da wannan laimar teku? Ai ga ɓarawonka nan. Oksijin da tururin ruwa suna ratsa jikin roba ko babu huji. Yi lissafi: a agon ana buƙatar kusan 26 eV kafin a ɓalle ilektron ɗaya, ka ga kowane haske na Fe-55 ilektron 200 da 'yan kai ne jarinka kacokan. Wanda oksijin ya cafke a hanya ya koma ayon, wato ƙwayar gas mai caji kuma mai nauyi, ba zai hayayyafa a cikin ramin faifan ba. CO2 kuma taimaka wa oksijin yake yi wajen kamun. Sa bututun jan ƙarfe ko bakin ƙarfe marar tsatsa, ka gajarta shi, ka ɗaura matatar oksijin daf da bakin akwatin na'urar.

Hajiya, Riyad: Kafin yaron nan ya kashe riyal ko ɗaya, ya ninka gudun gas ɗin ya bar shi ya kwana. In tudun ya taso da safe, maganar Yaya ta tabbata. In bai motsa ba, a nemi laifin a wani wuri. Kuma don Allah, ɗana, kada ka liƙe murfi da gam na silikon. Na taɓa yi, na'urar ta lalace a hannuna tun ba ta je ko'ina ba.

Malam, Abha: Ku bar ni in jefa tawa. Ba duk asara ce ta datti ba, wata a tsari take. Faifan da Fabio Sauli ya ƙirƙiro a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, a 1997 kaurinsa maikron 50 ne (maikron dubu ne milimita ɗaya), ramukan maikron 70, tsakanin rami da rami maikron 140. Idan filin lantarkin da ke koro ilektron daga sama ya yi ƙarfi da yawa, sai su faɗa kan jan ƙarfen da ke lulluɓe faifan maimakon su shiga rami. Idan ya yi rauni kuma, suna jan ƙafa, wasu su koma wa ayon ɗinsu, wasu oksijin ya tsince. Riƙa canja filin kaɗan-kaɗan kana rubuta inda tudun ya tsaya, za ka ga wurin da ya miƙe ya daina hawa. Nan za ka zauna. Ƙarƙashin faifai na uku ma haka, in filin ƙasa bai isa ba, ilektron da yawa manne wa bayan faifan suke yi.

Hajiya: Malam ya yi gaskiya, sai dai tsari ba ya canjawa cikin kwana biyar.

Malam: Na yarda, Hajiya. Amma iska tana canjawa. Mu nan Abha, sama da mita 2,000, siginar ta fi ta bakin teku girma a wuta iri ɗaya, don gas ɗin bai kai nasu kauri ba. Ya riƙa rubuta zafin ɗaki da nauyin iska kullum. In an kashe esi da dare ma sai ya gani a allo.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri. Akwai manhajar da zan gwada tsarin kafin in buɗe akwatin?

Yaya Babba: Garfield++, da Magboltz mai lissafin tafiyar ilektron a gas a cikinta, duk kyauta ne. Zuba mata oksijin ɗan ƙiris a cikin haɗin, ka ga ilektron nawa ke isa ƙasa. Buɗe akwati kuwa sai a ɗaki mai tsabta, ƙwayar ƙura ɗaya a rami ta isa ta jawo tartsatsi.

Ɗan Auta: Na ninka gas ɗin yanzu bayan isha'i. Gobe in Allah ya kai mu zan turo hoton tudun.

Hajiya: Haɗa da na ranar farko, mu jera su.