Kwangilar 4,9: dokar ce ke yoyo, ko masu riƙe da ita?

Ɗalibin Shari'a, Ngaundere: Salamu alaikum jama'a. Jiya Alhaji ya ce dokar kwangila ta Kamaru ba ta da aibu, mutane ne kawai ba su da tsoron Allah. Da girmamawa, Alhaji, ban yarda ba. Ni a ganina mafi yawan satar ta ƙofofin da dokar da kanta ta bari a buɗe take bi.

Alhaji Ɗan Kwangila, Garwa: Wa alaikumus salam. Yaro, ka karanta ta kuwa? Dokar 20 ga Yuni 2018 ba abin da ta rage. A yi shela, a karɓi tayi a rufe cikin ambulan, kwamiti ya buɗe a gaban kowa, wanda aka zalunta ya kai ƙara. Akwai ARMP, hukumar sa ido kan kwangiloli, tun 2001, akwai CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci, tun 2006, aka ƙara da ma'aikata sukutum ta kwangiloli a 2011. Me kuma kake so a rubuta?

Ɗalibin Shari'a: Na karanta, Alhaji. Duk wannan tsari sai aiki ya kai sefa miliyan 5 yake farawa. Ƙasa da haka takardar oda ce kawai, mai ofis ya kira wanda ya ga dama ya ba shi.

Tsohon Akawu, Marwa: Bari in shigo nan, don wannan gonata ce. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a ofishin kuɗi me ake nufi da 4,9. Aikin miliyan 20 ne, misali gyaran ajujuwa da tebura da fenti. Maimakon a yi shela, sai a yanka shi gida huɗu, kowane 4,900,000 da 'yan kai. Takarda ɗaya ta ce rufi, ɗaya ta ce ƙofofi da tagogi, ɗaya ta ce fenti. Kamfanoni uku ne a rubuce, amma in ka duba lambar waya da akwatin gidan waya, duk na mutum ɗaya ne, ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da sunan ƙanensa. Na sha ganin tambarin kamfanoni daban-daban suna fitowa daga jaka guda.

Alhaji Ɗan Kwangila: To ai ka taimake ni, Malam. Dokar ta hana yanka aiki don a guje wa shela. Wanda ya yi ya karya doka. Ina laifinta?

Tsohon Akawu: Ta hana a takarda. Wa zai gani? Takardun odar nan ba a lika su a allo, ba a buga su inda talaka zai karanta. Hani ba tare da ido ba, sunansa hani kawai.

Malamar Lakkol, Mokolo: Ni ban san sashe kaza da sashe kaza ba, abin da idona ya gani zan faɗa. A wata makarantar da na koyar an kawo mana tebura sababbi. Katako ɗanye ne, ƙusa ɗai-ɗai, kafin hutun farko rabinsu sun baje, yara sun koma kan duwatsu da buhuna. Ranar karɓar aiki motoci biyu suka zo, ba wanda ya zauna a kan tebur ko ɗaya ya gwada. Aka sa hannu a ƙarƙashin bishiya, aka sha lemo, aka tafi. Shugaban makaranta ma bai san nawa aka rubuta ba.

Alhaji Ɗan Kwangila: Malama, Allah ya ba ki haƙuri, amma ku ji namu ɓangaren. Kowa ɗan kwangila yake zagi. Kafin takarda ta fito an ci kaso. Mai duba aiki sai ka sa masa mai a mota. Ka gama aiki da bashin banki ko na ɗan kasuwa, sai takardar biyanka ta kwanta a baitulmali wata da watanni, wani lokaci shekara ta zagayo, kuma kafin ta motsa sai ka motsa. Daga ina za a fitar da duk wannan in ba daga siminti da katako ba? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malamar Lakkol: Ashe dai ka san inda teburanmu suka tafi, Alhaji.

Direba, Kuseri: Ku bar maganar tebura. Ku zo ku bi hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri da damina. Shekara nawa ana cewa an ba da ita? Nan ne hanyar da kayan Njamaina ke bi daga Duwala.

Alhaji Ɗan Kwangila: A nan ka yi adalci, ɗan'uwa. 'Yan Sin suna kan aikin Boko Haram ta kai hari Waza a watan Mayun 2014 ta kwashe ma'aikatansu goma. Daga baya aka miƙa wa injiniyoyin soja. Ba kowane aikin da ya tsaya ne sata ba.

Direba: Na ji. Amma ni da nake canza taya a kanta, ina zan je in ga nawa aka kashe, kilomita nawa aka shimfiɗa? Tambayata ke nan.

Ɗalibin Shari'a: Tambayar Kawu Direba ita ce maganar gaba ɗaya. Ga ƙofa ta biyu: kwangilar hannu da hannu, ba shela, ba gasa. Doka ta yarda da ita in akwai gaggawa, da izinin ministan kwangiloli. Ku tuna korona. An ware asusun sefa biliyan 180 a 2020. Da sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahotonsa a 2021, ya nuna an sayi kayan gwaji a kan sefa 17,500 kowane ɗaya, fiye da ninki biyu na abin da za a biya in wurin masu ƙerawa aka saya kai tsaye. Ba a ɓoye aka yi ba, da sunan gaggawa aka yi. Ƙofa ta uku kuma kwangilolin tsaro, waɗanda aka keɓe daga tsarin da kowa ke bi saboda sirri. Tsohon ministan tsaro Edgar Alain Mebe Ngo'o ɗaurin shekara 30 aka yanke masa a 2023, kuma shari'ar ta shafi sayen kayan soja ne.

Alhaji Ɗan Kwangila: To ga shi an ɗaure shi. Doka ta yi aiki ke nan.

Tsohon Akawu: Bayan shekara nawa da barin kujerar? Kuma kotun musamman mai shari'ar satar kuɗin gwamnati sai kuɗi sun kai miliyan 50 take kallon mutum, wanda ya maido abin da ya ci kuma ana iya dakatar da tuhumarsa. Mai 4,9 sau goma yana barci da munshari.

Hajiya 'Yar Kasuwa, Garwa: Ɗana ya ce yanzu ta intanet ake neman kwangila, wai COLEPS. Wannan bai magance ba?

Ɗalibin Shari'a: Ya rage wani abu, Hajiya. Da mutum zai je sayen takardun neman aiki a ce masa mai mabuɗi ya fita, har wa'adi ya wuce. Na'ura ba ta yin haka. Amma ba ta zuwa Mokolo ta girgiza tebur. Kuma in an rubuta sharuɗɗan aikin daidai da kamfani ɗaya tun farko, ko ta intanet shi zai ci.

Tsohon Akawu: Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sashe na 66 na tsarin mulkin 1996. Ya ce manyan jami'ai da masu riƙe da kuɗin gwamnati su bayyana dukiyarsu ranar shiga da ranar fita. An yi masa doka a 2006. Har yau ba a fara aiki da shi ba. Alhaji, wannan mutane ne ko doka?

Alhaji Ɗan Kwangila: Mutane ne mana, su suka ƙi zartarwa! Amma ka samu rabi, Malam. A lika kowace takardar oda a ƙofar ofishin magajin gari, da sunan kamfani da na mai shi da kuɗin, ban ƙi ba. Sharaɗina ɗaya: a lika ranar da na kai takardar biya da ranar da aka biya ni.

Malamar Lakkol: A ƙara da iyayen yara cikin masu karɓar aiki, kuma in sun ƙi sa hannu kada a biya.

Alhaji Ɗan Kwangila: A'a, Malama, wannan kuma sai ya zama mutum goma zan sallama maimakon biyar.

Malamar Lakkol: Uban da ɗansa ke zaune a kan dutse zai fi tsada, Alhaji. Gwada ka gani.