Ƙaramin doki ya ƙi ragama kuma yana cizo: horon lallashi zai yi masa?

Mai tambaya, daga Gumel

Assalamu alaikum masana doki. Muna da ƙaramin doki a gida, irin 'yan mitsitsin nan na ƙasashen waje, ba kuru na gida ba. Namiji ne, ya ɗan haura shekara 2, ba a fiɗiye shi ba, tsayinsa inci 33 daga ƙasa zuwa gindin wuya. Don yara aka saye shi, da niyyar su riƙa jan sa ranar hawan sallah a bayan tawagar hakimi.

Matsalarsa uku. In ya ga ragama sai ya juya wa mutum kuturi. In an samu an sa masa, sai ya turje, a ja shi ya yi tabarya, wato ya miƙe tsaye da ƙafafun baya. Sannan yana cizon yara a hannu da wajen aljihu. Yaron barga rungume shi yake yi ya danne, ya sa ragamar da ƙarfi, abin kuma sai daɗa lalacewa yake. Ina ganin bidiyon masu horar da doki ba bulala ba tsawa, amma duk manyan dawaki ne. Wannan horon yana aiki a kan ƙarami? Daga ina ake farawa? Kuma yaro ɗan shekara 7 zai iya hawansa?

Baba mai barga, Ringim

Wa'alaikumus salam Alhaji. Yana aiki, don doki doki ne ko da tsayinsa bai kai ƙugunka ba. Ƙanƙantar tasa ce ma ta jawo masa wannan hali. Ingarma ba mai iya rungume shi ya danne, dole a koya masa. Shi wannan kuwa ana fin ƙarfinsa, sai kowa ya tsallake koyarwar. Abu na farko, a hana yaron barga wannan dannewar daga yau.

Horon nan da masu horar da dawaki irin su Tom Dorrance da Ray Hunt suka yaɗa a Amurka a kan abu ɗaya ya tsaya: ka matsa masa kaɗan, da zarar ya yi abin da kake so, ko ya nuna alamar zai yi, ka saki nan take. A wurin sakin yake gane ya yi daidai. In ka makara da daƙiƙa biyu ko uku, ba zai san abin da ya jawo masa sauƙin ba, in kuwa ka saki lokacin da yake turjewa, to turjiya ka koya masa.

Ka samu fili mai yashi, faɗin mita 10 zuwa 12, dangar ba ƙaya ba wayar ƙarfe, kuma ka duba ƙasanta, don inda babban doki ba zai bi ba shi zai sulale. Yara su tsaya waje. Minti 10 zuwa 15 ya isa, da sassafe da kuma bayan la'asar.

Kamawa. Shiga da ragamar a hannu, kada ka ɓoye ta a baya. Kada ka nufe shi gaba da gaba, ka karkata jikinka ka doshi kafaɗarsa a kaikaice. In ya juyo ya dube ka da ido biyu, ka ja da baya taku ɗaya, ka tsaya. In ya ba ka kuturi, ka kaɗa bakin igiya daga nesa har ya motsa, yana juyo da fuska ka daina. Da haka zai gane fuskantarka ce ke kawo hutu. In ka kai gare shi kada ka kai hannu fuska, ka sosa masa gindin wuya inda geza ta ƙare, sai ka juya ka tafi abinka. Ka maimaita har ya daina ɗaga kai in ka matso.

Ga inda ƙarami ya bambanta da babba. Kai kana sama da shi, hannunka daga sama yake sauko masa, abin da doki ke tsoro ke nan. Ka tsuguna a gefen kafaɗarsa, ƙafafunka a shirye su tashi. Kada ka durƙusa gwiwa biyu, kada ka zauna, don a wannan tsayin harbinsa fuskarka zai samu. Kuma ka tuna ba ya ganin abin da ke daidai ƙarƙashin hancinsa da abin da ke bayansa tsaf.

Ragamar ta zama tasa. Ta jaki ko ta babban doki takan zamo ƙasa ta hau guringuntsin hanci, ta toshe masa numfashi, dole ya yi faɗa da ita. Igiyar hancin ta zauna a kan ƙashi mai tauri, kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da ƙashin kunci, kuma yatsa biyu su iya shiga tsakaninta da fata. Fara ɗora igiya a wuyansa, sannan ka kawo ragamar daga ƙasa ya sa hanci. Kwanakin farko ka sa, ka sosa shi, ka cire, ba ja ba ɗauri. Igiyar ja ta kai mita 3 zuwa 3 da rabi, mara nauyi, ba babban ƙarfe a bakinta da zai riƙa bugun haɓarsa. In an gama aiki a cire ragamar, don in ya sosa kunne da ƙafar baya kofatonsa zai iya maƙalewa a ciki.

Ja. Tabaryar da yake yi daga yadda ake jan sa take. Doki in aka matse masa ƙeya, ɗabi'arsa ya danna baya. Mutum dogo in ya tsaya gabansa ya ja, igiyar sama take ɗaga kansa, sai ƙafafun gaba su bar ƙasa. Shi ba nauyi gare shi ba, yana iya kifewa ta baya ya bugi ƙeya, wannan kuwa yana kisa. Saboda haka hannunka ya sauko daidai haɓarsa. Tsaya gefe, ka ja shi a karkace, ba kai tsaye ba, ka riƙe matsin daidai, ba fizga. Karkacewar za ta sa ya ɗaga ƙafa ɗaya don kada ya faɗi. Ƙafar tana motsawa ka saki igiyar gaba ɗaya. Bari ya yi numfashi, ka sake. Taku ɗaya, sai biyu, sai biyar.

Bayan nan sai ja da baya da kawar da kuturi. Ɗora yatsunka a ƙirjinsa, ka fara da taɓa gashi kawai, bayan daƙiƙa 3 ka danna fata, bayan wasu 3 ka danna tsoka, ka tsaya a nan har ya ja ƙafa ɗaya baya, ka ɗauke hannu. Kullum daga taɓa gashi ake farawa, ko jiya sai da aka kai tsoka, in ba haka ba ba zai taɓa koyon amsa taɓi mai sauƙi ba. Haka za ka yi a kwiɓinsa har ƙafar baya ta gitta gaban 'yar'uwarta. Duk abin da ka koya masa ta hagu ka sake koya shi ta dama daga farko.

Likitan dabbobi, Wudil

Baba ya gama magana kan horo. Alhaji, kafin a fara a duba abu uku, don wani taurin kan ciwo ne.

Baki. Waɗannan dawakin kansu ƙarami ne amma haƙoransu manya, sukan cunkushe. A wajen shekara 2 da rabi kuma yake fara zubar da haƙoran gaba na nono, dasashi na yi masa ƙaiƙayi. Haƙorin ciki mai kaifi in ragama ta danna kunci a kansa, zai ƙi ta ko wa ya sa masa.

Fiɗiya. Namijin da ba a fiɗiye ba, a wannan shekarun cizo da tabarya wasansa ne, kuma ba dokin yara ba ne. In ba don haihuwa aka ajiye shi ba, likita ya yi masa, da hunturu lokacin da ƙuda ya yi sauƙi, tare da allurar rigakafin tetanos, bayan an tabbatar 'ya'yan marainan biyu sun sauko. Halin ba ya sauka rana ɗaya, sai bayan wasu makonni.

Abinci. Nan aka fi cutar da su. A ɗora shi a kan babban sikelin 'yan hatsi a san nauyinsa, irin wannan tsayin yawanci kilo 70 zuwa 110 ne. Busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa yake buƙata a rana, wato mai kilo 100 kilo 1 da rabi, a raba sau uku ko huɗu. Harawar wake ko ta gyaɗa ta zama ƙari kaɗan a kai, kada ta zama ita ce abincin. Dawa da gero ba ya buƙatarsu, su ne ke sa shi rawar kai, su tara masa kitse, su kawo ciwon kofaton da ake kira laminaitis: kofato ya yi zafi, doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, ya ƙi taka ƙasa mai tauri. Dusa da yawa kullum tana hana jiki amfani da sinadarin kalsiyam, ƙashin fuska ya kumbura. Gishiri da ruwa mai tsabta su kasance gabansa, lita 5 ga kowane kilo 100 a rana ne mafi ƙaranci, da bazara yana iya ninkawa.

Amma kada a ce ya yi ƙiba a yanke masa abinci lokaci guda. Ƙananan dawaki da jakuna in suka daina ci, kitse yakan kwararo cikin jini ya taɓa hanta, kuma yana kashewa cikin 'yan kwanaki. In ya yini bai ci ba a kira likita, kada a jira gobe. Maganin tsutsa ma da nauyi ake auna shi. Bututun da ake sayarwa na doki mai kilo 500 zuwa 600 ne, kada a matse masa duka.

Batun hawa, a'a. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kaya ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, har da sirdi. Mai kilo 90 ke nan kilo 18, ɗan shekara 7 kuwa yawanci ya wuce haka tun ba a ɗora sirdi ba, balle irin namu mai nauyi. Ƙashin bayansa ma bai gama ƙwari ba. Abin da ƙananan dawaki suka iya shi ne jan ƙaramin keken doki mara nauyi a ƙasa mai laushin tafiya, shi ma sai ya haura shekara 3.

Mai kilisa, Kazaure

Alhaji, a cikin bidiyon nan za ka ga ana kora doki yana zagaya fili har ya sunkuyar da kai ya biyo mutum, salon da mai horar da dawaki Monty Roberts ya yi suna da shi. Ni ban ba ka shawarar wannan a kan ɗan shekara 2 ba. Zagaye a ƙaramin da'ira yana cin gaɓoɓin da ba su ƙosa ba, kuma wanda bai iya karanta doki ba sai ya yi ta kora har dabbar ta tsaya don gajiya, ya ɗauka ta yarda ne. Hanyar Baba ta fi aminci.

Tunda hawan sallah ake nufi, sai an saba masa da abin da zai tarar: ganga, algaita, kakaki, babura, manyan riguna suna kaɗawa, da harbin 'yan bindiga. Ana yin sa ne da matsowa da ja da baya. Wani ya tsaya da ganga can nesa, inda dokin zai ɗaga kunne amma ba zai gudu ba. A ci gaba da kiɗa a hankali. Yana tsayawa cik, ko ya sauke kai, ko ya fara lasar leɓe, a daina kiɗan. Kuskuren da ake yi shi ne a daina lokacin da ya zabura, sai ya koyi cewa zabura ce ke kashe ƙarar. In ya firgita sosai, an matso da yawa ne, a koma baya a rage ƙarfi. Kada a ɗaure shi a turke a yi ta kiɗa a kansa wai ya saba. Mai riƙe da shi ya bar masa igiya ya iya motsa ƙafa.

Babur kuwa, a sa shi ya bi bayansa yana tafiya a hankali kafin a bar babur ya nufo shi. Abin da ke guje masa ba ya ba shi tsoro kamar abin da ke tunkaro shi. Kayan ado a fara da ƙyalle mara nauyi a goga masa a wuya da baya da ciki, sannan jalala ƙarama.

Ranar hawan kada a sa shi tsakiyar manyan dawaki. Harbi ɗaya na ingarma daidai kansa yake. Ya kasance a gefe, babba na riƙe da igiya ta biyu. In sallar bana ta zo bai gama sabawa ba, a bar shi gida sai ta gaba.

Mai tambaya, daga Gumel

Allah ya saka da alheri Baba, Likita, da Malam na Kazaure. An dakatar da dawar, za a kuma nemo likita. Saura cizon. Yara sukan ba shi ƙuli-ƙuli da rake a hannu. In ya kai baki a ɗan mare shi?

Baba mai barga, Ringim

Ka ga tushen cizon nan, Alhaji. Ya koyi cewa hannu da aljihu wurin abinci ne. A daina ba shi komai a hannu, kowa da kowa, har baƙi. Abin da za a ba shi a zuba a kwano a ajiye ƙasa, kuma ba a ajiyewa sai ya ja da baya taku ɗaya ya kawar da kai.

Mari ba ya magani. Ɗan doki namiji zai ɗauke shi wasa, ya ciza ya goce, wani kuma ya koma tsoron hannu, ragamar da ka sha wahalar koya masa ta lalace. In ka ga bakin na tahowa, ka tare da gwiwar hannu ya yi karo da ita da kansa, kai ko kallonsa kada ka yi. In ya riga ya kai haƙori, nan take ka mayar da shi baya taku huɗu ko biyar da ƙarfin jiki da igiya, sai ka tsaya, magana ta wuce. Bayan daƙiƙa uku ba sauran hukunci.

Ka samo masa abokin zama, jaki mai sanyin hali ko akuya, don kaɗaici na ƙara wannan hali. Yara kuma kada su karɓi igiya sai ya zama yana tsayawa in ka tsaya, yana ja da baya da taɓa gashi, yana ba da ƙafafunsa huɗu a ɗaga. A nuna musu su tsaya daidai kafaɗarsa, su ninke ragowar igiya a tafin hannu, kada su naɗe ta a hannu ko a wuya. Kofato a riƙa gyara shi duk mako 6 zuwa 8, mai gyaran ya tsuguna ya riƙe ƙafar ƙasa-ƙasa, don in aka ɗaga ta sama irin na babban doki tana murɗa masa gaɓa, gobe ba zai ba da ita ba.