Salansa ɗaya za ta iya wadatar da bindigogi huɗu masu harsasai mabambanta?

Baban Hafsat, Ohio

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma shekara shida ke nan ina farauta da lasisi. A bara na harbi barewa daga cikin rumfar ɓuya ba tare da na toshe kunne ba, sai na kwana uku kunnena na hagu yana ƙugi, kuma tun daga lokacin na ƙudurta sayen salansa, wato na'urar da ake ɗaurawa a bakin bindiga ta rage ƙara, domin kada in rasa jina tun ban tsufa ba.

Bindigogina uku ne a yanzu. Akwai .308 Winchester wadda ake jan sakatarta da hannu, ita nake ɗauka idan na tsallaka Kentucky farautar barewa. Akwai AR-15 mai cin 5.56, bututunta inci 16, wadda nake zuwa filin atisaye da ita. Sannan akwai ƙaramar .22 LR da nake koya wa ɗana saiti da ita. Ina kuma da niyyar ƙara .350 Legend kafin lokacin barewa, wanda ake buɗewa ranar Litinin ta bayan bikin Thanksgiving, domin dokar Ohio ba ta yarda a harbi barewa da .308 ba, sai da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso irin na .350 Legend. Tambayata ita ce, shin akwai salansa guda da za ta yi wa dukansu aiki ba tare da na yi da-na-sani ba? Wani abokina ya ce in sayi ta lamba 30, wato wadda aka yi wa rami daidai da harsashi irin na .308, kawai in huta, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Injiniya, Houston

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar abokinka tana da tushe, amma rabinta ce ta dace da kai. Ƙa'idar farko ita ce ramin da ke tsakiyar salansa dole ne ya fi harsashi faɗi. Harsashin .308 faɗinsa inci 0.308 ne, na 5.56 kuma 0.224, saboda haka salansar lamba 30 tana ɗaukar duka biyun, har da 6.5 Creedmoor da .300 Blackout idan wata rana ka saye su. Ƙaramin harsashi yana wucewa ta babban rami lafiya lau, abin da kawai za ka rasa shi ne ɗan ƙarin sauƙin ƙara, saboda hayaƙi yana samun hanyar sulalewa ta gefen harsashin, kuma a filin atisaye da wuya kunne ya tantance wannan bambanci.

Inda shawarar ta karye shi ne .350 Legend. Faɗin harsashinta ya kai kimanin inci 0.355, wato ya fi na .308 sosai, kuma idan ka harba shi ta cikin salansar lamba 30 zai daki shingayen ƙarfen da ke ciki, ya lalata salansar, yana kuma iya yi wa wanda ke kusa rauni. Abin da ya sa nake jaddada wannan shi ne zaren da ake murɗa salansa a kansa a bakin bindiga yana yaudarar mutane. Yawancin bindigogin 5.56 da .22 zarensu 1/2x28 ne, na .308 kuma 5/8x24, amma akwai bindigogin .350 Legend da ke zuwa da 1/2x28, ke nan mariƙin (abin da ke haɗa salansa da bakin bindiga) da ka saya domin AR-15 zai hau kanta cif-cif alhali ramin bai isa ba. Hawan zare ba shaida ba ce ta cewa harsashi zai wuce.

Idan har .350 Legend na cikin lissafi, to ka duba ajin lamba 36, kamar Omega 36M ta kamfanin SilencerCo, wadda ke ɗaukar tun daga 5.56 har zuwa .338 Lapua, kuma ana iya cire gabanta a gajarta ta. Akwai kuma ajin lamba 46, irin Hybrid 46 ta SilencerCo ko Primal ta kamfanin Dead Air, waɗanda ke kaiwa har .45-70 da .450 Bushmaster, sai dai ban ga dalilin da zai sa ka ɗauki nauyinsu ba tunda ba ka da irin waɗannan bindigogi. Kowace ka zaɓa, ka tabbatar gindinta yana da zaren nan na bai-ɗaya, 1.375x24, wanda ake kira HUB, domin shi ne zai ba ka damar sauya mariƙi daga kamfanoni daban-daban, kuma ka karanta mafi ƙarancin tsawon bututu da kamfanin ya amince da shi ga kowane harsashi.

Tsohon Maharbi, Jojiya

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan ma'auni, amma ina so in ja hankalin Baban Hafsat kan abin da ma'auni ba ya nunawa. Ni da kaina na bi wannan hanya ta salansa ɗaya ga kowace bindiga, kuma na shekara biyu a kanta kafin in gane cewa na sayi abin da ya iya komai amma bai ƙware a komai ba. Salansar da na saya ta baƙin ƙarfe ce, nauyinta kusan rabin kilo, kuma wanda bai taɓa yini yana hawa da sauka a tudu da rabin kilo a ƙarshen bututu mai inci 22 ba, zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Bindiga takan rinjaya gaba, hannu yakan gaji, kuma a cikin rumfar ɓuya ƙarin tsawon inci bakwai ko takwas yana sa ka riƙa karo da bango daidai lokacin da ake bukatar shiru. Mafarauci yana yin harbi ɗaya ko biyu ne a yini, don haka shi ƙarfen taitaniyom mara nauyi ya fi dacewa da shi. Mai AR-15 kuwa yana zazzage harsasai talatin a jere, salansa ta yi zafin da ba a iya taɓawa, shi kuma ƙarfe mai jure wuta irin Inconel ko Stellite yake bukata. Bukatun biyu suna jan igiya ne ta fuskoki daban-daban, kuma dole ka zaɓi wadda ka fi yi.

Akwai kuma batun hayaƙi. Salansa tana riƙe hayaƙi, ta mayar da wani kaso baya, kuma a bindiga mai ɗura kanta wannan yana nufin hayaƙi a ido, da datti a ciki, da sassan bindiga suna motsi da ƙarfin da ya wuce kima. Ana magance shi da abin daidaita shigar iskar gas, ko kuma da salansa mai barin hayaƙi ya fice ta gaba, irin waɗanda HUXWRX ke ƙerawa. Bindigar .308 mai sakata ba ta da wannan matsala ko kaɗan.

Ita kuwa .22 LR, ina roƙonka ka fitar da ita daga lissafi gaba ɗaya. Harsashinta dalma ce tsura da ɗan kaki a jiki, kuma tana barin ƙazanta mai taruwa a hankali har ta daskare a cikin shingaye. Yawancin salansar manyan bindigogi a like suke da walda, ba a buɗe su a wanke. Akwai irin su Banish 30 da ake iya warwarewa, amma ko da haka ɗora wa ƙaramar bindigar yaro salansa mai irin wannan girma yana ɓata masa riƙo. Salansar .22 ƙarama ce, ba ta da nauyi, ita ce mafi arha a kasuwa, kuma ita ce za ta fi faranta maka rai, domin da harsashin da gudunsa bai kai na sauti ba, a nan ne kaɗai za ka ji bindiga ta yi shiru na gaske.

A da, hujjar sayen guda ɗaya tana da ƙarfi, domin dokar tarayya ta 1934 ta ɗora harajin dala 200 a kan kowace salansa, ga kuma jiran watanni kafin ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi a Amurka, ta amince da fom na 4 na neman izinin mallaka. Tun daga 1 ga Janairun 2026 harajin ya koma sifili, ko da yake rajista da hoton yatsu da binciken tarihin mai saye suna nan daram. Tunda haka ne, ni dai shawarata ka sayi biyu.

Ɗan Arewa a Turonhaim

Ina ƙara abu biyu daga abin da na gani a nan Norwe, inda salansa ba ta bukatar wani izini na musamman kuma mafarauta da yawa suna ɗaukarta a matsayin ladabi ga maƙwabta da kariya ga kunnen karnukansu. A nan mutane sun fi barin kowace bindiga da salansarta, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne saiti. Duk lokacin da aka ɗora nauyi a bakin bututu, wurin da harsashi ke sauka yakan ɗan goce, saboda haka wajibi ne a daidaita madubin saitin kowace bindiga alhali salansar tana kanta, sannan a gwada cirewa da mayarwa a ga ko harsashi yana komawa wuri ɗaya. Na taɓa ganin salansa ta kwance da kanta bayan harbi da yawa a jere, har harsashi ya goge murfin gabanta, don haka ka riƙa duba ɗaurinta, ka kuma zura sandar gwada daidaito kafin harbin farko a kowace sabuwar bindiga.

Abu na biyu ya shafi kunnen da ya kawo ka nan. Ƙarar babbar bindiga tana kaiwa desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 160 ko fiye, salansa mai kyau kuma tana rage kimanin 20 zuwa 35, wato tana sauko da ita kusa da 140, iyakar da ake ɗauka a matsayin haɗari ga ƙara ta farat ɗaya. Tsawar da harsashi ke yi idan ya zarce gudun sauti kuwa babu salansar da ke kashe ta. Harbi ɗaya a daji zai zo da sauƙi ƙwarai, amma a filin atisaye, musamman da 5.56, kada ka ajiye abin toshe kunne, kai da yaron duka.

Baban Hafsat, Ohio

Allah Ya saka muku da alheri. Maganar zaren .350 Legend ta girgiza ni, domin da ban tambaya ba da na faɗa cikin wannan kuskure. Na zauna na yi lissafi, sai na ga AR-15 sau biyar ko shida nake fita da ita a shekara, alhali farautar barewa ita ce ainihin abin da ya sa nake riƙe bindiga. Saboda haka zan nemi ta lamba 36 mafi rashin nauyi da aljihuna zai iya ɗauka, in raba ta tsakanin .308 da .350 Legend, in riƙa ɗora ta a kan AR-15 jefi-jefi ba tare da na matsa mata da harbi a jere ba, sannan in saya wa .22 tata daban. Na kuma duba na ga Kentucky ta halatta farauta da salansa kamar Ohio, don haka tsallakawa da ita ba matsala ba ce, saɓanin Niyok da Ilinoi inda aka haramta mallakarta.

Saura tambaya ɗaya ga Injiniya. Tunda bindigogin farautar biyu ba lallai zarensu ya zo ɗaya ba, shin in sayi mariƙi biyu na murɗawa kai tsaye in riƙa sauyawa a gindin salansar, ko kuwa in ɗaura wa kowace bindiga nata bakin na cirewa da sauri, duk da ƙarin nauyi da kuɗin da hakan zai jawo?