Neman shawara: hayar ƙaramar Mercedes daga Jidda zuwa Al-Ula

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Baffana zai zo Umra da iyalinsa a watan Janairu. Ina so in kai su ziyara Madina, mu zarce Al-Ula, garin tarihi da ke arewa da Madina, mu dawo Jidda cikin kwana biyar. Mu huɗu ne har da uwargida. Na ga Mercedes A200 a wajen masu hayar mota, raina ya biya. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, da lasisin Saudiyya. Za ta iya wannan tafiyar kuwa? Me zan duba kafin in sa hannu?

Ma'aikacin ofishin haya, Jidda:
Wa alaikumus salam Malam. Motar za ta iya, takardar ce abin tsoro. Jidda zuwa Madina kusan kilomita 420 ne, Madina zuwa Al-Ula kusan 330. Zuwa da dawowa 1,500 ke nan, ba a sa yawon cikin gari ba. Kamfanoni da yawa suna ƙayyade kilomita a rana. A ce an ba ka 250, kwana biyar 1,250 ne, duk abin da ya haura kuɗi ne a kan kowace kilomita, kuma na motar alfarma ya fi tsada. Ka nemi "kilomita maftuh", wato marar iyaka, a rubuta a kwantiragi, kada ka yarda da faɗar baki.

Inshora kuma ka ɗauki shamil, wato cikakkiya, amma ka tambayi tahammul, wato abin da za ka biya daga aljihunka idan laifin naka ne. Sau da yawa taya, gilashi da ƙarƙashin mota ba sa ciki. Kafin ka tayar, ka zagaye ta da bidiyo a gaban ma'aikacinsu: wili huɗu, ƙasan bamba, gilashin gaba, allon kilomita da na mai. Ƙujewar wili ita aka fi ci wa mutane kuɗin ajiya a kanta.

Makanike, Makka:
Ƙanena, buɗe but ka ɗaga shimfiɗar tun a filin kamfanin. Irin waɗannan motoci galibi ba su da safaya. Ko dai ka tarar da kwalbar ruwan liƙe faci da ƙaramin famfo, ko tayar ta zama mai iya tafiya bayan ta sace, ita ma iyakarta wajen kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Ruwan liƙen ƙusa yake toshewa, idan gefen taya ya yage babu abin da zai yi. Tayoyin sirara ne, rami ɗaya da gudu ya isa ya kumbura gefe, mai facin taya na ƙauye kuma da wuya ya ajiye girmanta. Saboda haka ka karɓi lambar da za ka kira a turo satha, wato motar ɗaukar mota, ka ji ko tana zuwa har bayan Khaibar a hanyar Al-Ula.

Fetur mai lamba 95 za ka zuba, mai jan famfo, ba 91 ba. Tankinta lita 43 ne, wasu 51. Idan tana shan lita 7 a kilomita 100, tafiyar 1,600 har da yawon cikin gari lita 112 ce, a riyal 2.33 kowace lita bai kai riyal 270 ba. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta yi zafi, a bi adadin mota mai cike da kaya da ke jikin takardar da aka manna mata. But ɗin kuwa manyan akwatuna biyu ne suka cika shi. Dabinon Madina sai dai a rungume a cinya.

Direba, Madina:
Alhaji, titin Hijira da za ka bi zuwa Madina ba matsala, akwai wuraren da aka yarda da gudun 140, amma allo yana sauyawa kuma kyamarar Sahir mai kama laifin tuƙi ba ta san baƙo ba. Tana kama waya a hannu da rashin ɗaura bel, tarar kuma kanka za ta hau tunda sunanka ke kan tafwidi, wato izinin tuƙa motar, a manhajar gwamnati ta Absher. Daga Madina ka cika tanki, ka ƙara a Khaibar ko da rabi ne ya rage. Ka fita bayan asuba ka isa kafin azahar. Kada ka bi hanyar nan da dare, raƙumi ba ya ɗauke da fitila.

A Al-Ula kada ka sauka daga kwalta don hoto. Motar ƙasa-ƙasa ce, yashi zai riƙe ta, inshora kuma ta zare hannu. Wurin tarihi na Hijr, wato Mada'in Salih, ba a shiga da motar kai. Tikiti za ka yanka tun da wuri, motarsu ce ke zagayawa da ku.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Baffa ya ce zai riƙa karɓata idan na gaji, yana da lasisin Najeriya.

Ma'aikacin ofishin haya:
Ya taho da lasisin ƙasa da ƙasa tare da na gida, ku je ofis tare a sa shi a matsayin direba na biyu. In ba haka ba, ko bamba aka goga yana kan sitiyari, inshora ba za ta biya ba. Kuma kowane irin karo, kada ku sasanta a bakin titi: ku ɗauki hoto, ku shigar a manhajar Najm ta kai rahoton haɗari, idan akwai rauni ku kira Murur, wato 'yan sandan hanya. Kamfani ba ya karɓar mota mai tabo babu rahoto.