Yaya zan mayar da awon gwangwani zuwa giram?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar fulawa. Don Allah ku fitar da ni daga duhu.

Ina yin cincin da kek na sayarwa, kuma da gwangwanin madara na iya awo. Yanzu oda ta yi yawa, yara biyu ke taya ni kwaɓi, kowacce da irin hannunta, yau kek ya yi laushi, gobe ya yi tauri. Shi ya sa na sayi sikeli don mu koma giram.

Sukari bai ba ni wahala ba, kofi ɗaya kusan giram 200 ne kullum. Fulawa ce ta ƙi tsayawa. In na cusa gwangwani cikin buhu na ɗebo, nauyinta daban. In na tankaɗe na zuba da cokali na shafe bakin da wuƙa, sai ta ragu sosai. A intanet wasu sun ce kofi giram 120 ne, wasu 125. Kofin ma ba ɗaya ba ne, na Amurka kusan mililita 240, na Ostireliya 250, balle gwangwaninmu da ake cikawa har ya yi tozo.

To wanne zan riƙe, awon kafin tankaɗe ko na bayansa? Man gyaɗa fa, tunda bai kai ruwa nauyi ba, nawa zan lissafa kofi ɗaya? Sannan yis da bakar hoda (baking powder, hodar da ke sa kek ya tashi), sikelina ba ya ko motsi a kan rabin ƙaramin cokali. In bar su a cokalin?

Allah ya saka da alheri.