Sawun inji: neman sunan zanen da goge mota ke bari

Jama'a, ku taya ni neman suna. Na kai baƙar motata wajen mai fenti a nan Sakkwato ya goge min ita da inji. A cikin rumfa tana ƙyalli kamar madubi. Da na fito rana wajen Gawon Nama sai ga wasu siraran zane sun lulluɓe bonet da ƙofofi, ina matsawa suna bi na. Turawa na ce musu swirl marks, wasu su ce hologiram. Na koma in yi ƙorafi, na rasa abin da zan kira su da Hausa, sai nuni da yatsa.

Ga yadda abin ke faruwa. Saman fentin mota akwai wani shafi garai-garai da masu fenti ke kira kiliya, kaurinsa bai kai na takarda ba. Man gogewa na farko yana da ɗan gari mai ci. In aka haɗa shi da faifan ulu a injin da ke juyawa gefe guda, ko aka karkata faifan, sai ya bar siraran zane masu bin hanyar da injin ya bi. A garinmu abin ya fi muni: ƙurar hunturu na sauka kan faifan, a watan Afrilu kuma zafi na haura digiri 40, man ya bushe kan bodi tun ba a gama murza shi ba.

Da na fara tambayar mutane sunan, wani ya ce karce. Karce ai na ƙusa ne ko makulli, wanda farce ke ji. Wata ta ce yanar gizo, kuma ya yi kama, amma intanet ta riga ta ɗauke wannan sunan. An kawo bakan gizo, an kawo guguwa. Ba su zauna min ba.

Wani dattijon mai fenti na tambaya. Ya shafa bonet ɗin ya ce, "Ɗana, wanga ai sawun inji ne, kamar na maciji bisa rairai." Nan take na ji kalmar ta shige ni. Sawu na nuna abin da ya wuce da inda ya bi, kuma daidai haka zanen yake.

Abin da ya fi faranta min shi ne kalmar ta zo da 'yan rakiya. Mai shafa man sheƙi ya cike zanen, ɓad da sawu ya yi: a wanke motar 'yan lokuta, sawu ya dawo. Aikin gaskiya sai mu kira shi kashe sawu. A wanke motar tas, a shiga inuwa bodi ya huce, a sa faifan soso mai laushi da man gogewa mafi laushi, in da hali da injin da ke juyawa yana karkarwa, a bi kaɗan-kaɗan, a goge man sarai, a duba da tocila ko a rana. Kowace gogewa tana cin kiliya, don haka ba a yawaita ta.

Saura zoben da tsumma ke bari idan an goge ƙura a bushe. Ina ganin sawun tsumma zai yi, amma malaman Hausa na jami'ar Ɗanfodiyo da masu sana'ar, me kuka gani?